"Daga Wasan Daɓe Na Fara": Abin da Dandamali Ke Koya wa Yaro Wanda Kyamara Ba Ta Iyawa



Duk wanda ya saba sauraron hirar da ake yi da dattawan Kannywood, a rediyo ne ko a YouTube, ya san akwai wata amsa da ba ta wuce bakinsu. Da an tambayi mutum yaya aka yi ya shigo harkar fim, sai ka ji ya ce daga wasan daɓe ya fara. Mai tambayar sai ya gyaɗa kai ya tsallake zuwa abin da ya fi damunsa, wato wace jaruma ce ba sa ga maciji da ita. To ni a kan waccan amsar nake so mu tsaya yau. Na lura da yawa daga cikin masu bibiyar shafin nan, musamman waɗanda aka haifa bayan shekarar 2000, sun ɗauka wasan daɓe wani tsohon suna ne na fim. Ba haka ba ne. Abu ne mai zaman kansa, da dokokinsa, kuma a unguwanni da ƙauyuka yara da matasa ne suka fi riƙe shi.

Daɓe dai kun san shi, ƙasar da aka buga ta yi tauri ta zama wurin zama ko tsayuwa. Wasan daɓe shi ne wasan kwaikwayon da ake yi kai tsaye a gaban mutane. Babu kyamara, babu "a sake", babu edita da zai zo daga baya ya yanke inda ka yi tuntuɓen harshe. Wurin yin sa ba ya da tsada: filin makarantar firamare, ko ƙofar gidan mai unguwa, ko ɗakin taron ƙaramar hukuma idan an samu wanda ya san wani. A haɗa tebura a shimfiɗa tabarma, a ɗaura igiya tsakanin bishiyoyi biyu a rataya zannuwan gado su zama labule, shi ke nan an samu dandamali.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, yaron Bahaushe ba ya jiran wani ya zo ya koya masa kwaikwayo. Da shi yake tashi. Yarinyar da ta goya 'yartsana, ta kafa murhu da duwatsu uku ta yi tuwon ƙasa, ta kuma yi wa ƙawarta faɗa da irin muryar da ta ji uwarta na yi wa 'yar aiki, wasan kwaikwayo take yi. Amma babbar makarantar ita ce tashe. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara su bazu gida-gida. Ku tsaya ku duba abin da ke cikin tashe da idon ɗan fim. Akwai rabon rol: wannan ne tsoho, wannan ne mai magani, waɗannan ne 'yan amshi. Akwai kwalliya: gemun auduga, gawayi a fuska, tsumma a cusa a riga ya zama tumbi ko ciki, babbar rigar baba da aka sato daga kan ƙofa. Akwai labari mai farko da ƙarshe, kamar a wasan Mairama da Daudu inda 'yan mata ke nuna zaman aure da yadda amarya za ta kula da gida, ko Jatau mai magani da ke baje kolin saiwoyi da sassaƙe. Sannan akwai 'yan kallo masu hukunci nan take. Gidan da kuka burge su ba ku hatsi ko kuɗi, gidan da ba ku burge ba ku ji an ce Allah ya ba da haƙuri tun ba ku kai rabi ba. Yaron da ya yi dare goma yana wannan zagaye ya yi wasa ɗaya a gaban 'yan kallo daban-daban fiye da yadda za a ƙirga. Ya gane wace magana ce ke sa matan gida dariya, wacce ce ke sa maigida ya ɗaure fuska. Wallahi akwai jaruman da suka yi shekara biyar a masana'anta ba su samu wannan horon ba.

A karkara kuma akwai kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, inda samari da 'yan mata ke naɗa wa junansu muƙamai, wannan sarki, wannan alƙali, wannan ɗan doka, a kafa gwamnatin wasa ta 'yan kwanaki.

Da boko ta zo sai ta ɗauki wannan ɗabi'a ta shigar da ita aji. A shekarun 1930 Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa don 'yan makaranta. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni ana yin su, yana caccakar zalunci da cutar talaka, kuma duk wanda ya san siyasar da ya yi daga baya zai gane a kan dandamali ya fara wasa wuƙarsa. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ma ɗan wasan kwaikwayo ne tun yana malamin makaranta, har ƙungiyar wasa aka sani da sunansa. Ina kawo waɗannan sunaye ne saboda masu cewa dirama aikin 'yan iska ce. Daga nan rediyo da talabijin suka karɓa: Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da marigayi Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos, da Kuliya Manta Sabo a Kano. Yaro ya kalla da daddare a gidan maƙwabta, gobe da safe ya zo makaranta yana murɗa gashin bakin da ba shi da shi yana yi wa abokansa faretin soja.

Waɗannan yaran ne suka girma suka cika ƙungiyoyin dirama na unguwanni. A Kano an yi Tumbin Giwa, an yi Gyaranya, an yi Jigon Hausa, da wasu da dama. Suna wasa a daɓe, suna kai wasanninsu gidan talabijin na NTA da CTV, wanda yanzu ake kira ARTV. A 1990 Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari na cikin 'yan wasa, kuma daga nan ake fara ƙirga tarihin Kannywood. Wato masana'antar nan kacokan daga cikin kulob ɗin dirama ta fito. A Nijar ma hanyar kusan ɗaya ce, sai dai can gwamnati ta sa hannu sosai. Zamanin Seyni Kountché an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ana gasar wasan kwaikwayo daga matakin unguwa har zuwa bikin matasa na ƙasa, kuma masu irin su Yazi Dogo sun yi suna a wannan fage da Hausa tsantsa.

To yaya irin wannan ƙungiya take aiki daga ciki? Nan zan yi magana da abin da na gani da idona, domin na yi shekaru a wata ƙungiya ta unguwarmu, na fara ina yaro mai ɗaukar benci, na ƙare ina cikin masu koya wa na baya.

Da farko dai ba a ba sabon yaro rol. Sam. Aikinsa ya share fili, ya ɗebo ruwa, ya riƙe bakin labule kada iska ta ɗage shi a ga masu canza kaya. Kana ganin kamar bauta ce, amma a wannan zaman yake haddace wasan gaba ɗaya ba tare da ya sani ba. Ranar da wani bai zo ba, sai darakta ya waiwaya ya ce, kai zo nan, ka san abin da yaron Alhaji ke cewa? Ya sani mana. Rol ɗin farko kusan kullum ɗan aike ne: ka shigo, ka durƙusa, ka ce ana sallama da maigida, ka fita. Magana ɗaya. Amma a cikinta za a gane ko muryarka na fita, ko ka san inda za ka tsaya, ko za ka fashe da dariya idan ka hango abokinka a cikin 'yan kallo yana yi maka gwalo.

Abu na biyu da zai ba wasu mamaki: yawancin wasannin nan ba a rubuta su. Darakta zai zaunar da kowa ya ba da labarin daga farko har ƙarshe kamar tatsuniya. Sai a yanka shi fitowa-fitowa. A kowace fitowa abu uku kawai ake ba ɗan wasa: me ya kawo ka, me kake so ka samu daga wanda ka tarar, da kuma maganar da idan an faɗe ta fitowar ta ƙare. Abin da ke tsakani naka ne. A gwajin farko yara za su yi ta shirme, a na biyar an fara tace zance, kafin a kai na goma maganganun sun zauna daram kamar an rubuta, alhali daga bakin yaran suka fito. Amfanin wannan tsari a wurin yara babba ne. Wanda bai iya karatun boko sosai ba bai zama saniyar ware ba. Almajiri ma yana shiga, kuma sau da yawa ya fi kowa saurin riƙe zance, don kansa ya saba da hadda. Sannan maganar da yaro ya ƙirƙira da kansa ba ta fita daga bakinsa kamar karatun allo.

Amma fa tsarin yana da cutarsa, kuma Kannywood ta gaje ta. Idan darakta ba shi da ƙarfin cewa ya isa, sai fitowar minti uku ta koma minti goma sha biyar, ana ta gaisuwa, ana ta maimaita abin da 'yan kallo suka riga suka sani. Duk wanda ya kalli finafinan kaset na shekarun 1990 ya san irin zaman falon nan da ba ya ƙarewa. Daga daɓe aka taho da shi. A daɓe akwai maganinsa, don 'yan kallo za su fara surutu, masu gyaɗa da rake su fara ciniki da ƙarfi, dole ka gane ka ja zance. A gaban kyamara babu mai yi maka wannan gargaɗin.

Yanzu bari mu zo kan abin da dandamali ke koyarwa.

Murya ita ce ta farko. A ƙungiyarmu, mai koyarwa yakan tafi can ƙarshen fili ya tsaya ya juya baya. In bai ji ka ba, ba ka yi magana ba. Kuma ba ihu ake nema ba, don mai ihu kafin a kai rabin wasa muryarsa ta dushe. Ana so numfashi ya taso daga ciki, a buɗe baki, a ƙarasa kowace kalma. Yara da yawa suna haɗiye ƙarshen magana, musamman 'yan mata, saboda haka aka tarbiyyantar da su a gida. Ko da an samu lasifika ba a dogara da ita, don makirfo ɗaya ne ake miƙa wa juna, janareta kuma yana iya ɗaukewa daidai lokacin da alƙali zai yanke hukunci.

Sai tsayuwa. Kada ka juya wa mutane ƙeya, kada ka tsaya a gaban wanda ke magana, kada hannunka ya rasa abin yi ya koma sosa kai. Wannan cikin mako biyu yaro ya kama.

Wanda ya fi wuya shi ne sauraro. Ɗan wasan da bai ƙware ba, yayin da abokinsa ke magana, shi yana can cikin kansa yana jiran layinsa. Fuskarsa a mace take. Za ku ga wannan a finafinai har gobe, har a wurin manya. Amma a wasan da ba a rubuta ba dole ka saurara, don ba ka da tabbacin abin da za a faɗa maka. Na taɓa ganin wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana rol ɗin mai unguwa, gemun audugarsa ya ɓalle ya faɗi ƙasa ana tsakiyar shari'ar gona. Fili ya kaure da dariya. Bai gudu ba, bai yi dariya ba. Ya jira ta lafa, ya sunkuya ya ɗauki gemun, ya dubi masu ƙarar ya ce musu su ga abin da rigimarsu ta jawo masa, tsufansa ma ya fara zubewa. Wannan ba wanda ya koya masa. Abin da aka koya masa shi ne kada ya fita daga rol ko me ya faru, sauran kuma kansa ya ba shi. Kuma ku lura da jiran da ya yi. Sanin lokacin da za ka yi shiru dariya ta wuce kafin ka jefa magana ta gaba, shi ne rabin barkwanci. Ku koma ku kalli marigayi Rabilu Musa Ibro da kyau, ku ga yadda yake riƙe magana a baki na ɗan lokaci kafin ya sake ta. Wannan lissafi ne na wanda ya san numfashin 'yan kallo.

Akwai kuma batun kunya, wanda a ganina shi ne asalin dalilin da ya sa yara a finafinanmu suke fitowa kamar an dasa su. Ku yi tunani. Tun yaro na rarrafe ake koya masa kada ya haɗa ido da babba, kada ya ɗaga murya a gabansa, kada ya mayar da magana. Tarbiyya ce mai kyau, ba na faɗa da ita. Sai rana ɗaya a kawo shi lokeshin, ga fitilu, ga mutum ashirin na kallonsa, ga jarumin da yake gani a talabijin sa'an babansa, a ce masa to dubi idonsa ka ce masa ba ka yarda ba. Ina! Yaron zai dubi ƙasa, ko ya dubi kyamara, ko ya dubi darakta yana neman ceto, ya karanto layin da muryar hadda. Sai mu 'yan kallo mu ce yaron bai iya ba.

A daɓe an warware wannan matsala tun da daɗewa ba tare da an ba ta suna ba. Yaro yana fara wasa ne da sa'o'insa, wanda yake yi wa tsawa abokinsa ne da suka ci ɗanwake tare ɗazu. Sannan kayan wasan suna ba shi izini. Da ya sa rawani da gemu, kowa ya san ba shi ne ke magana ba, mai unguwa ne. Tashe ma haka yake, shi ya sa yaro zai iya tsokanar malami ko tsoho ko gwauro a cikin wasa a yi dariya, abin da in ya yi shi da rana tsaka zai sha bulala. A hankali yaron yana gane bambanci tsakanin shi da rol ɗinsa. Ranar da aka haɗa shi da babba a fitowa ɗaya, ya riga ya san cewa rashin kunyar ta rol ce, da an sauke labule zai je ya durƙusa ya gaishe shi.

To a masana'antar yau ta ina ake samo yaran fim? Mu faɗi gaskiya: ɗan furodusa, ƙanen mai kwalliya, ko yaron gidan da aka ara don ɗaukar fim, a kira shi ranar a ce zo ka ce kaza. Wanda ya tashi a cikin harkar, kamar Ahmad ɗan Ali Nuhu da ya fara fitowa tun yana ƙarami, ya samu sabo da kyamara da manyan jarumai tun a gida. Yara nawa ne ke da wannan gatan? Sauran hanyarsu ita ce daɓe, kuma hanyar tana toshewa. Ƙungiyoyin da suka haifi masana'antar da yawansu sun koma kamfanonin fim ko sun watse, filayen unguwa an yanka an gina shaguna, makarantun kuɗi da yawa ko filin wasa ba su da shi balle kulob ɗin dirama.

Inda abin ya rage da ransa sosai, abin mamaki, shi ne Islamiyyu. Ku je walimar saukar Alƙur'ani ko taron Maulidi ku ga yara na wasan kwaikwayo, wani da Larabci wani da Hausa, a kan riƙon amana, ko haƙƙin maƙwabci, ko sharrin zuwa wurin boka. Kuma nan ne kusan kaɗai yarinya ke samun hawa dandamali da yardar iyayenta, har su zo su zauna a sahun gaba. A kulob ɗin unguwa labarin daban ne. Yarinya na kai shekara goma sha biyu ko sha uku za a ce ta girma, ta daina zuwa. Shi ya sa za ka ga ƙato da muryarsa ta fara buɗewa ya ɗaura zani ya yi ɗaurin ɗankwali yana rol ɗin amarya. Ana dariya, amma ana asara: rol ɗin mace sai ya koma abin ba'a kawai, mai tsegumi, mai kishi, mai murguɗa baki, don namijin da ke yin sa abin da ya iya kwaikwaya ke nan. Ina zargin wani ɓangare na yadda ake rubuta mata a finafinan barkwancinmu daga nan ya samo tushe.

Su kuma iyayen da ke hanawa, ba duka ne ke da duhun kai ba, kada mu yaudari kanmu. Akwai tambayoyin da suke yi masu nauyi. Wa ke kula da yaran? Ƙarfe nawa ake tashi daga gwaji? Wane babba ne ke keɓewa da su? Na san ƙungiyar da ta mutu saboda ana gwaji har bayan isha'i a wani kango, wata uwa ta zo neman 'yarta ta ga yanayin wurin, washegari mai unguwa ya rufe abin gaba ɗaya. Ban ga laifinta ba. Ƙungiyar da ke son ta daɗe, gwajinta tsakanin la'asar da magariba ne, a fili inda kowa ke wucewa, da babbar mace a zaune in akwai 'yan mata, kuma ba a ɗaukar yaro sai an je gida an gaida mahaifinsa an faɗa masa abin da ake yi. Lokacin jarrabawa a rufe. Wanda aka ce ya fara gudun Islamiyya saboda dirama a dakatar da shi.

Sai kuɗi, wanda shi ne ke kashe ƙungiya fiye da komai. Ana karɓar na ƙofa, ana yi wa yaron da ya burge liƙi, wani lokaci ɗan siyasa ya zo ya ba da gudummawa don a ambaci sunansa. Ina kuɗin ke tafiya? Na ga inda yara suka yi wata guda suna gwaji, aka cika fili, aka tashi aka sallame su da lemo da biskit, manya uku suka shige ɗaki da jakar. Yaro ba ya mantuwa da irin wannan. Liƙin da aka yi wa yaro nasa ne, a ƙirga a gabansa a kai wa uwarsa. Na ƙofa kuma a faɗa wa kowa nawa aka samu, nawa aka biya mai janareta da mai kujeru.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu ma suna zuwa da kuɗi su ce a yi musu wasa a kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata. Ba laifi, saƙonnin na da amfani. Matsalar ita ce idan aka kawo saƙon a rubuce aka ɗura wa yara, sai su koma lasifika, wasan ya zama lacca da rawani. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun shekarun 1970 ya nuna wata hanyar, inda ake shiga cikin mutanen Samaru da ƙauyukan kewaye a ji matsalarsu daga bakinsu, a gina wasan tare da su. Misalin da ya fi kusa da mu 'yan fim shi ne Duniya Juyi Juyi, wanda wasu almajirai tara suka yi a Kano a 2011 tare da mai bincike Hannah Hoechner da tallafin cibiyar Goethe. Su suka tsara labarin daga rayuwarsu, su suka yi wasan, su suka riƙe kyamara. Ku neme shi ku kalla, ku kwatanta da yadda ake nuna almajiri a finafinan kasuwa, za ku ga tazarar.

Wani zai ce, to ai yanzu ga TikTok da YouTube, yara na ta barkwanci suna samun mabiya, me ake da daɓe? Akwai masu hazaƙa a cikinsu, ban musa ba. Amma bidiyon daƙiƙa talatin da aka ɗauka sau goma aka zaɓi ɗaya ba ya koya wa yaro riƙe rol na awa guda, ba ya koya masa sauraro. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Wasan daɓe da an tashi ya wuce. Yaron da ya yi abin kunya a daɓe, mako guda za a tsokane shi a manta. Wanda babba ya sa shi ya yi ashar, ko ya yi kalaman soyayya da bai san ma'anarsu ba, ko ya yi rawar gala don a tara masu kallo, wannan bidiyon yana nan har ranar da za a je nema masa aure. Kuma kuɗin da shafin ke kawowa ba a asusunsa yake shiga ba. Hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001 tana iya duba fim kafin ya fita, amma ba ta cikin kowane ɗaki da ake ɗaga waya a kan yaro. Nan aikin iyaye ne da mu masu dannawa muna turawa.

Gala kuma, tunda na ambace ta, a daina haɗa ta da wasan daɓe. Gala rawa ce da bin waƙar fim a kan dandamali. Wasan daɓe labari ne da rol da magana. Haɗa su da ake yi na cikin abin da ya sa uba ke jin kalmar dandamali ya ce ba da ɗansa ba.

Ga daraktocinmu masu finafinai masu dogon zango, waɗanda kullum labarinsu na buƙatar yara, shawarata mai araha ce. Watan Sha'aban Islamiyyu da yawa ke yin walimar sauka kafin a shiga azumi, ku tura mataimakanku su zauna a baya su ga wace yarinya ce muryarta ke isowa can. Daga goma ga azumi kuma ku fito ƙofar gida bayan tarawihi ku tsayar da 'yan tashe, ku duba wanda ke sanye da gemun, ku ga ko yana jiran dariya ta lafa kafin ya ci gaba. In kun same shi, ku bi shi gida ku gaida babansa tukuna, sannan ku ba shi mako biyu yana zama da jarumin da zai fito a matsayin ubansa kafin a kunna kyamara.

Ku kuma masu karatu, in akwai ƙungiyar wasan daɓe ta yara da har yanzu ke aiki a garinku, Gusau ce ko Azare ko Maraɗi ko Zangon Kumasi, ku faɗa mana a ƙasa: a ina suke gwaji, kuma yaushe ne wasansu na gaba. Ina so in je in kalla, in Allah ya yarda in kawo muku rahoto.